Zafin Kwamfutar Tafi-Da-Gidanka: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

LEGAS — Yawancin manyan kamfanonin da ke ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof, suna rubuta wa masu saye cewa an tsara na'urar ne domin ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selshiyos ba. Kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade tsakanin digiri 10 zuwa 35, haka nan Dell da HP sun tsaya a kan digiri 35 ga akasarin samfuransu.

A birnin Legas kuwa, zafin rana a watannin Fabrairu da Maris yakan kai wajen digiri 33 a inuwa. A cikin shago mai rufin kwano da ƙaramar taga, irin waɗanda suka cika unguwannin Agege da Idi-Araba da Mile 12, zafin yakan ɗara na waje, musamman idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Ma'anar wannan ita ce, kwamfutar da ɗan kasuwa ya ajiye a kan teburinsa tana gab da iyakar da masu ita suka yanke mata tun kafin a kunna ta.

Duk da haka, abin da masu saye suka fi tambaya a kasuwa shi ne ƙarfin na'ura da girman ma'ajiyarta da kuma farashi. Ba kasafai ake tambayar yadda take fitar da zafi ba, alhali kuwa wannan na daga cikin manyan abubuwan da ke yanke tsawon rayuwarta da kuma adadin kuɗin da za ta ci bayan an saye ta.

Dalilin Da Ya Sa Batun Ya Shafi 'Yan Kasuwa

Al'ummar Hausawa ta daɗe da kafuwa a Agege, tun zamanin da fataucin goro da layin dogo suka haɗa garin da Kano. A yau jikokin waɗancan fatake, da masu canjin kuɗi, da dillalan shanu na mayankar Oko-Oba, da masu safarar albasa da tumatir, da masu shagunan buga takardu da cika fom ta intanet, da yawansu ba sa iya tafiyar da harkokinsu ba tare da kwamfuta ba. Rajistar kamfani a Hukumar CAC, da biyan haraji, da hulɗa da banki, da lissafin kaya da na bashi, duk sun koma kan na'ura.

Kasuwar da suka fi zuwa ita ce Computer Village da ke Ikeja, a kewayen titin Otigba, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin kayan kwamfuta da wayoyi a nahiyar Afirka. Ba ta da nisa da Agege, kuma tun daga watan Oktoba na 2024 da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinjoji, tasha ɗaya ce tsakanin wuraren biyu.

Sai dai sauƙin zuwa kasuwa bai zo tare da sauƙin farashi ba. Kusan dukkan kwamfutocin da ake sayarwa a Nijeriya, ko kayan haɗa su, daga waje ake shigo da su da dalar Amurka. Kafin watan Yuni na 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar canji, sai da dala ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Saboda haka kwamfuta ta tashi daga kayan da ake sauyawa idan an ga dama, ta zama jari wanda dole a yi tattalinsa na shekaru.

Daga Ina Zafin Yake Fitowa?

Kusan dukkan wutar lantarkin da kwamfuta ta sha tana rikiɗewa ne ta zama zafi. Mafi yawansa yana fitowa daga furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, sai kuma sashen da ke sarrafa hotuna idan tana da shi na daban. A kan furosesar akwai wani mai mai kauri da ake shafawa domin ya haɗa ta da farantin jan ƙarfe. Daga farantin, wani siririn bututu ne ke jan zafin zuwa wasu ƙananan ganyayyakin ƙarfe da ke bakin tagar iska, inda fanka ke hura shi waje.

Wannan tsari bai san sanyi ba, bambanci kawai ya sani. Yana aiki ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin cikin na'ura da na iskar ɗaki. Idan iskar da fanka ke zuƙowa ta riga ta yi ɗumi, aikin fankar ya ragu tun daga tushe. Shi ya sa kwamfutar da aka gwada a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Turai ko Amurka, aka kuma yaba mata a mujalla, za ta iya nuna wani hali dabam a shagon Agege da ƙarfe biyu na rana.

Akasarin furosesoshin Intel na kwamfutocin tafi-da-gidanka iyakarsu wajen digiri 100 ne. Idan suka kusanci wannan iyaka sai su rage gudu da kansu domin kada su lalace, idan kuma hakan bai wadatar ba sai na'urar ta kashe kanta. Don haka ba kasafai furosesa ke ƙonewa ba. Asarar da ake yi ta wata fuska ce: mutum ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa mora ba, domin na'urar tana rage gudu a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan matsala ba. A watan Yuli na 2018, masu amfani da sabuwar MacBook Pro mai furosesar Core i9 sun gano cewa tana rage gudu matuƙa idan aka ɗora mata aiki mai nauyi. Kamfanin Apple ya amsa cewa akwai kuskure a manhajar da ke kula da zafin na'urar, sannan ya fitar da gyara. Tsadar kaya ke nan ba ita ce shaidar cewa an warware batun zafi ba.

Inda Zafi Ke Cin Kuɗi

Abu na farko da zafi ke taɓawa shi ne batir. Batirin litiyom yana saurin tsufa idan ya daɗe cikin zafi, musamman idan a cike yake fal. Alamarsa ita ce raguwar sa'o'in da yake riƙe wuta, daga baya kuma ya kumbura har ya ɗaga madannan rubutu ko ya buɗe bakin murfin ƙasa. A garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, batir shi ne rabin amfanin kwamfutar tafi-da-gidanka. Idan ya mutu, ta zama ta girke.

Batirin da ya kumbura haɗari ne ga shago baki ɗaya, ba ga na'urar kaɗai ba. Idan za a iya tunawa, a watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 daga hannun jama'a, Apple kuma ya janye miliyan 1.8, dukkansu ƙirar kamfanin Sony, saboda fargabar za su iya yin zafi su kama wuta. A watan Yuni na 2019 Apple ya sake kiran a dawo da wasu MacBook Pro masu inci 15 da aka sayar tsakanin Satumba 2015 da Fabrairu 2017 domin a sauya musu batir. Waɗannan matsaloli ne na ƙira, ba na yanayi ba, amma irin waɗannan na'urori sukan ƙare a kasuwannin gwanjo, kuma ba kowane mai su na farko ne ya kai an sauya masa ba.

Abu na biyu shi ne babban allon da aka jera kayan na'urar a kansa. Ɗumama da hucewa a kullum suna sa dalmar da ta riƙe ƙananan sassa ta gaji ta tsage. A 2008 kamfanin Nvidia ya ware kusan dala miliyan 200 domin biyan kuɗin gyaran kwamfutocin da sashen hotunansu ya riƙa mutuwa ta wannan hanya. Gyaran allo na daga cikin mafi tsada, kuma sau da yawa ba ya ɗorewa.

Abu na uku shi ne lokaci. Mai shagon buga takardu da kwamfutarsa ta mutu ana tsakiyar cika wa ɗalibai fom, ko ɗan canji da tasa ta tsaya yana tsaka da tura kuɗi, asararsa ba ta tsaya a kan kuɗin gyara ba. Abokin ciniki ba ya jira. Shago na gaba zai shiga.

Na huɗu shi ne kuɗin wuta. A watan Afrilu na 2024 Hukumar NERC ta ɗaga farashin lantarki ga masu rukunin A zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. Idan aka ɗauki wannan farashi a matsayin misali, kwamfutar da ke shan wat 30 na sa'o'i 10 a rana, kwana 26 a wata, za ta sha yunit 7.8, wato Naira 1,755. Wadda ke shan wat 120 za ta sha yunit 31.2, wato Naira 7,020. Ga mai dogara da janareta, ko inbata da hasken rana, bambancin ya fi haka nauyi, domin kowane wat da na'ura ta mayar zafi, da fetur ko da batir aka saye shi.

Harafin Da Ke Ƙarshen Lamba

Kuskuren da ya fi yawa a kasuwa shi ne ɗaukar cewa Core i7 ta fi Core i5 a kowane hali, ita kuma ta fi Core i3. Abin da ya fi bayyana zafin na'ura shi ne harafin da ke ƙarshen lambar furosesa. Masu harafin U an tsara su ne a kan wajen wat 15, masu harafin H a kan wajen wat 45, masu HX kuwa daga wat 55 zuwa sama. Alal misali, Core i5-1235U tana kan wat 15, yayin da Core i7-12700H take kan wat 45, kuma takan iya haurawa zuwa wat 115 na ɗan lokaci. Kamfanin AMD ma yana amfani da haruffa makamantan waɗannan a furosesoshinsa na Ryzen.

Ga wanda aikinsa bai wuce lissafi a Excel, da rubuta wasiƙu, da shiga shafin banki, da WhatsApp, da taro ta bidiyo ba, mai harafin U ta ishe shi har da saura. Mai harafin H ta masu tace fim ce, da masu zanen gine-gine, da masu wasannin kwamfuta. Wanda ya saye ta don lissafin buhunan albasa ya sayi tirela ne domin ɗaukar kwando guda.

Caja ma tana ba da labari. Na'urar da ta zo da caja mai wat 45 ko 65 ba ta da yawan ci. Wadda cajarta ta kai wat 180 ko 230, mai nauyi kamar bulo, ta riga ta faɗa wa mai saye irin zafin da za ta riƙa fitarwa.

Sai kuma batun siffa. Kwamfuta siririya ta fi kyan gani da sauƙin ɗauka, amma wurin da iska za ta bi a cikinta kaɗan ne. Haɗuwar siririn jiki da furosesa mai ƙarfi ita ce mafi munin zaɓi a ƙasa mai zafi. Ya kamata mai saye ya juya na'urar ya duba inda take shaƙar iska da inda take fitar da ita. Wadda ke shaƙa ta ƙasa kawai, da zarar an ɗora ta a kan katifa ko darduma ko cinya, an toshe mata hanci.

Akwai kuma waɗanda ba su da fanka sam, kamar MacBook Air tun daga samfurin M1 da ya fito a watan Nuwamba na 2020. Irin waɗannan ba sa zuƙar ƙura, ba sa ƙara, kuma ba su da yawan shan wuta, sai dai sukan rage gudu idan aiki mai nauyi ya daɗe. Kafin a saye su, wajibi ne a tabbatar manhajar lissafin da ake amfani da ita a shago za ta yi aiki a kansu, a kuma tuna cewa gyaransu da kayan gyaransu sun fi tsada.

Sabuwa Ko Tokumbo?

Kaso mai yawa na kwamfutocin da ke kasuwar Ikeja da ta Alaba na gwanjo ne, waɗanda a Legas ake kira tokumbo. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas ya ƙiyasta cewa an shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki Nijeriya a kowace shekara cikin 2015 da 2016, kuma kashi 77 daga cikin ɗari sun taso ne daga tashoshin Tarayyar Turai. Binciken ya nuna cewa wani kaso mai kauri na kayan ba ya ma aiki.

Wannan ba ya nufin kowace tokumbo abin gudu ce. Samfuran da aka ƙera domin ofisoshi, irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, galibi sun fi sauƙin buɗewa da sharewa, kuma ana samun fanka da batirinsu a kasuwa. Amma na'urar da ta yi shekara biyar ko shida tana aiki, mai yiwuwa man da ke kan furosesarta ya bushe, ganyayyakin tagar iskarta sun toshe, batirinta kuma ya ci rabin rayuwarsa. Kuɗin share ta, da sauya mai, da sabon batir, ya kamata su shiga cikin ciniki tun farko.

Daɗin daɗawa, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11, a hukumance, akasari tana buƙatar furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Duk wata kwamfuta da ta gaza wannan zubi ta haɗa matsala biyu, tsufan jiki da rashin kariyar manhaja, komai arahar da aka yi mata.

Gwajin Da Ya Kamata A Yi A Shago

Kunna kwamfuta a ga ta kawo haske ba gwaji ba ne. Matsalar zafi ba ta bayyana a minti biyu na farko. Abin da ya dace shi ne mai saye ya nemi a jona caja, a buɗe bidiyo mai inganci tare da shafuka da dama na intanet, a bar ta tana aiki na minti 20 zuwa 30, kuma a wurin da ba a gaban na'urar sanyaya ɗaki ba.

A cikin wannan lokaci, akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da ke nuna zafin furosesa. A bisa al'ada, na'ura mai lafiya takan zauna tsakanin digiri 40 zuwa 55 idan ba ta aikin komai. Wadda ta haura 90 a kan aiki mara nauyi, ko fankarta ke kuka tun daga kunnawa, akwai abin dubawa a cikinta. A sa hannu a bakin tagar iska: idan jikin na'urar ya yi zafi amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, hanyar ta toshe ko fankar ta gaji.

Game da batir, Windows na da umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da rahoton ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa. Sannan a ɗora na'urar a kan tebur mai shafe, a duba ko tana girgiɗi ko wurin taɓawa da yatsa ya taso, domin alamun kumburin batir ke nan. Lambar jikin na'ura kuwa ana iya saka ta a shafin kamfanin da ya ƙera ta, a ga shekarar da ta fito da matsayin garantinta. Wannan na taimakawa wajen gane tsohuwar da aka goge aka saka a sabon kwali.

Bayan an daidaita, kada a bar shago ba tare da rasit mai ɗauke da lambar na'ura da tsawon garanti a rubuce ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci da kuma mayar da wanda ke da aibu. Hukumar FCCPC ta tarayya da hukumar LASCOPA ta jihar Legas suna karɓar ƙorafe-ƙorafe, amma ƙorafin da babu takarda a bayansa ba ya yin nisa.

Bayan An Kai Ta Gida

Kula da na'ura ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ɗora ta a kan abu mai tauri, a ɗan ɗaga bayanta domin iska ta ratsa ƙasa. Kada a bar ta cikin mota a rana, kada kuma a tura ta cikin jaka alhali ba ta gama mutuwa ba. A nisanta ta daga hayaƙin janareta. A guji cajar jabu, wadda kan yi zafi fiye da kima ta kuma lalata batir.

Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ta haɗu da laimar Legas takan dunƙule ta manne a tagar iska kamar auduga. Don haka ya dace a kai na'ura wurin ƙwararren mai gyara a share ta aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce kuma kafin zafi ya kankama. Kamfanoni irin su Lenovo da Dell da Asus sun tanadi tsarin da ke tsayar da caji kafin batir ya cika fal, galibi a kan kashi 80 cikin ɗari, domin ya daɗe. Mai tsayayyar wuta ko inbata zai amfana da shi. Wanda wuta ke yi wa wuya kuwa sai ya auna tsakanin tsawon rayuwar batir da sa'o'in da yake buƙata a yau.

Waɗanda ke saye a Legas domin aikawa gida Arewa suna da ƙarin dalilin yin hattara. A Sakkwato da Kano da Maiduguri zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, wato sama da iyakar da kamfanonin suka rubuta, ga kuma ƙura da ta fi ta kudu yawa. Na'urar da ta yi ta maneji a Agege tana iya gazawa a Kantin Kwari.

A taƙaice, farashin da aka biya a shago kashi ɗaya ne kawai na kuɗin kwamfuta. Sauran suna zuwa ne daga baya, a batir da gyara da wuta da kwanakin da aiki ya tsaya. Ɗan kasuwar da ya zaɓi na'ura daidai da aikinsa, ya duba harafin furosesa da nauyin caja, ya kuma ba ta rabin sa'a tana aiki a gabansa kafin ya ƙirga kuɗi, ya rage wa kansa mafi yawan waɗannan. Hausawa dai sun ce sayen nagari, mayar da kuɗi gida.